LeShuttle: Tsallaka Teku da Mota Daga Ingila Zuwa Faransa, da Abin da Tikitin Bai Ƙunsa Ba

Duk wanda yake zaune a Ingila, yake kuma son ya ɗauki iyalinsa a motarsa ya kai su Faransa ko Beljiyam ko Jamus, hanyoyi biyu ne a gabansa na ƙetare ruwan da ya raba tsibirin da sauran ƙasashen Turai. Ko dai ya sa motar a jirgin ruwa daga Dover ko wata tashar jiragen ruwa, ko kuma ya shigar da ita cikin jirgin ƙasan da ake kira LeShuttle, wanda yake bi ta wani rami a ƙarƙashin teku daga Folkestone a Ingila zuwa Calais a Faransa cikin minti 35. Da wannan na biyun nake amfani idan zan kai iyali ziyarar 'yan'uwa a birnin Cologne na Jamus, kuma ra'ayina a kansa shi ne cewa aikin da ya ɗaukar wa kansa yana yin sa yadda ya kamata, sai dai aikin nasa ƙarami ne ƙwarai idan aka auna shi da abin da tafiyar take buƙata. Sauƙin ƙetarawar ne ma yake ruɗin mutane, domin wanda ya ga ya bar Ingila yana zaune a kujerarsa yakan manta cewa a ɗaya bakin ramin wata doka ce daban take jiran sa, kuma babu wanda zai tsayar da shi ya koya masa ita.

Ramin da jirgin yake bi tsawonsa ya ɗan haura kilomita 50, kusan 38 daga ciki a ƙarƙashin teku, kuma a ranar 6 ga Mayun 1994 ne Sarauniya Elizabeth ta Biyu da shugaban Faransa François Mitterrand suka buɗe shi. A haƙiƙa ramuka uku ne a jere, biyu na jiragen ƙasa, na tsakiya kuma na ma'aikata da ceton gaggawa. Ba a tuƙa mota a cikin ramin, wannan shi ne abin da sabon zuwa yake fara yi wa mummunar fahimta. Motar ce take shiga tarago, a kashe ta, jirgin ya ɗauke ta da mutanenta. Kada kuma a haɗa shi da jirgin ƙasan Eurostar, wanda yake bin rami guda amma fasinjoji kawai yake ɗauka daga Landan.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne yadda ake lissafin kuɗin. Mota ake saya wa tikiti, ba kawunan mutane ba, kuma tikitin ya ƙunshi har mutum 9 muddin motar tana da kujerunsu. Ba a auna kaya. Magidancin da ya taɓa biyan kuɗin jirgin sama na mutum shida, ya kuma tsaya a gaban ma'auni ana cire masa kaya daga akwati, shi zai fi kowa gane darajar wannan. Amma farashin ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon rana da sa'a da kuma kusantowar tafiyar, kuma a lokacin hutun makarantun Ingila, wato daidai lokacin da mai iyali yake da damar tafiya, tsadarsa takan kai inda jirgin ruwa zai fi shi araha nesa ba kusa ba. Wanda ya saya da wuri, ya kuma yarda ya tashi da asuba ko cikin dare, shi yake samun rangwame. Akwai tikitin gajeren zama na kwana 5 ko ƙasa da haka, wanda ya fi sauƙi amma dole a tafi a dawo da shi, akwai na yau da kullum, akwai kuma Flexiplus mai tsada, wanda yake ba mutum damar hawa duk jirgin da ya tarar a ranar tare da ɗakin hutu na musamman. A ganina kuɗin Flexiplus bai dace da mai iyali ba sai a dawowa, idan za a taso daga wuri mai nisa wanda ba a iya ƙayyade lokacin isowa. Motar da take aiki da iskar gas ba a ɗaukar ta ko kaɗan, ko da tana haɗawa da fetur, don haka mai irin wannan mota jirgin ruwa ne nasa.

Tashar Folkestone tana da mahaɗarta ta kanta a kan babbar hanyar M20, wato mahaɗa ta 11A, ba sai an shiga gari ba. A ƙofar shiga kamara takan karanta lambar motar, sunan mai tikiti ya bayyana a allo, na'urar ta fitar da wata takarda mai harafi da ake ratayawa a madubin gaba, wadda da ita ake kiran rukunin motocin da lokacinsu ya yi. Ana so a iso da kimanin sa'a ɗaya kafin tashi. Wanda ya iso da wuri galibi akan yi masa tayin jirgin da ya riga nasa idan akwai gurbi, wanda ya ɗan makara kuma akan mayar da shi na gaba, domin a lokacin da ake da yawan matafiya jirgi yakan tashi har sau huɗu a sa'a. Wannan sassaucin yana rage wa direba fargabar da take sa shi gudun da bai kamata ba a hanya. Ya kamata dai a ƙara lokaci a lissafi a ranakun hutu, saboda hukumomin yankin Kent sukan keɓe wani ɓangare na M20 domin jera tireloli masu jiran ƙetarawa, a rage wa sauran motoci gudu.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Kafin a kai ga jirgin akwai shinge biyu a jere, na jami'an Birtaniya da na 'yan sandan kan iyakar Faransa, dukansu a cikin tashar Folkestone, ma'ana a ƙasar Ingila ake shiga Faransa ta fuskar doka. Amfanin wannan tsari shi ne babu wani bincike a Calais, illarsa kuma ita ce wanda takardarsa ba ta cika ba a nan tafiyarsa take ƙarewa, kuma kamfanin jirgin ba shi da ta cewa. Izinin zama a Birtaniya ba izinin shiga Turai ba ne. Mai fasfo na Najeriya ko Nijar ko Gana, komai daɗewarsa a Ingila, sai ya nemi bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai, kuma a ofishin jakadancin ƙasar da zai fi daɗewa a cikinta ake nema, ba ƙasar da zai fara takawa ba. Wanda zai kwana ɗaya a Faransa ya yi mako biyu a Jamus, bizar Jamus zai nema. Kuɗinta yuro 90 ne ga babba tun daga Yunin 2024, ana kuma neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Gidaje da yawa fasfo iri biyu ne a cikinsu, 'ya'ya na Birtaniya, uwa ko kaka na gida, don haka hikima ita ce a fara samun ranar ganawa ta biza kafin a biya kuɗin jirgi, ba a juya lamarin ba. Shi ma fasfo na Birtaniya yana da sharaɗinsa: kada ya wuce shekara 10 da bayarwa a ranar shiga, ya kuma rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar fitowa. Tun daga 12 ga Oktoban 2025 Tarayyar Turai ta fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu na baƙi a kan iyakokinta, an kuma tanadi wurin yin wannan a tashar, abin da yake ƙara wa jira tsawo.

Ita ma motar tana da nata takardun. Ana buƙatar takardar mallaka ta asali, V5C, ba kwafinta ba, idan kuma motar haya ce ko ta kamfani sai an karɓi takardar VE103 wadda take nuna an yarda a fita da ita. Inshorar Ingila tana aiki a ƙasashen Tarayyar, amma sau da yawa mafi ƙarancin kariya kawai take bayarwa, wato ta biyan wanda aka yi wa ɓarna, don haka ya kamata a kira kamfanin inshorar a ji ko cikakkiyar kariyar tana bin motar zuwa ƙetare. Lasisin tuƙi na Birtaniya mai hoto ya wadatar, amma lasisin koyo ba ya aiki a wajen ƙasar. Wannan ya shafi mutanenmu kai tsaye, domin lasisin Najeriya wata 12 kawai yake yi wa mazaunin Birtaniya aiki, kuma ba ya cikin waɗanda ake musanyawa ba tare da jarrabawa ba. Sai kuma alamar ƙasa a bayan mota, wadda tun 28 ga Satumban 2021 ta koma UK, tsohuwar GB ta daina aiki. Idan lambar motar tana ɗauke da UK da tutar ƙasar ba sai an liƙa sitika ba, in ban da a Sifaniya da Malta da Cyprus. Shagunan tashar suna sayar da sitikar da sauran ƙananan kayan da doka ta tanada, amma a farashin wanda ya san ba ka da zaɓi, gara a saye su tun a gida.

Akwai wani hani da ya fi shafar mu fiye da yawancin matafiya, kuma ba kowa ne ya san da shi ba. Tun daga farkon 2021 an haramta shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko madara ko abin da aka yi da su. Kilishi da dambun nama da man shanu, waɗanda su ne tsarabar da ɗan'uwa na Jamus ya fi sa rai da ita, duk suna cikin haramcin, har da burodin da aka sa wa nama ko cuku a matsayin guzuri. Ba kowace mota ake buɗewa ba, amma wanda aka buɗe tasa za a karɓe kayan, ana kuma iya cin sa tara. Nama na halal ba ya wahalar samu a Lille ko Brussels ko Cologne, babu dalilin ɗaukar kasada.

Shiga jirgin kansa abu ne mai sauƙi. Motocin da tsayinsu bai kai mita 1.85 ba suna shiga taragu masu hawa biyu, manyan motoci da waɗanda aka ɗora wa akwati a rufi kuma suna shiga masu hawa ɗaya, don haka dole a faɗi gaskiyar tsayin motar tun wajen sayen tikiti. Ana tuƙawa a hankali cikin taragun har ma'aikaci ya ɗaga hannu, sai a kashe inji, a ja burkin hannu, a bar motar a giya, a sassauta gilasai domin a ji sanarwa, sannan a rufe ƙofofin da suke raba tarago da tarago. Ciki kamar doguwar kwantena yake, mai haske da 'yan ƙananan tagogi waɗanda babu abin gani ta cikinsu. Babu shago, babu wurin cin abinci, babu kujera sai ta motarka, bayan gida kuma ƙarami ne, taragu da dama suke tarayya a kansa, gara a biya buƙata tun a tasha. Ana iya fitowa a tsaya gefen mota a miƙe ƙafa, waya ma tana kamawa. Ga tsoho ko mai jinya ko mace mai goyo wannan babbar rahama ce, domin babu hawa bene, babu ɗaukar kaya, babu jirin teku, kuma iska ko igiyar ruwan da takan jinkirta jiragen ruwa a lokacin hunturu ba ta shafe shi ba.

Amma a nan ne nake ganin jirgin ruwa ya fi shi da abu guda mai muhimmanci. Tafiyar Dover zuwa Calais kimanin minti 90 ce, ana fita daga mota a hau sama a zauna a ci abinci, direba ya samu hutu na gaske. A LeShuttle wanda ya tuƙo daga Birmingham ko Manchester bai huta ba, ya dai daina taka totur na rabin sa'a. Da an buɗe ƙofa a Coquelles, kusa da Calais, 'yan mintoci ne tsakaninsa da babbar hanyar A16, a hannun dama, a cikin motocin da suke gudun kilomita 110 zuwa 130, ga agogo ya ƙara sa'a ɗaya gaba. Shawarata ita ce a tsaya a wurin hutu na farko da aka tarar, a sha ruwa, a mayar da allon gudun motar daga mil zuwa kilomita idan yana juyuwa, kafin a ɗauki doguwar hanya.

Wanda ya koyi tuƙi a gida yakan ɗauka hannun dama ba zai ba shi wahala ba, tunda Najeriya ta koma dama tun ranar 2 ga Afrilun 1972, Gana ta bi baya a 1974, Nijar kuwa dama can a dama take. Akwai gaskiya a ciki, amma rabinta ce. A gida sitiyari yana hagu, direba yana kusa da tsakiyar titi. A motar Ingila sitiyari yana dama, don haka a Faransa direba yana can gefen titi, ba ya ganin abin da yake gaban tirelar da yake bi, kuma motar da take tahowa da gudu ta layin hagu tana ɓoye a ɓangaren da ya fi masa nisa. A babbar hanya madubin hagu ne rayuwarsa, a ƙaramar hanya mai hannu biyu kuwa wuce babbar mota kasada ce da ba na ba kowa shawarar yi, ko da na kusa da shi yana leƙa masa. Kuskuren komawa hagu ba a babbar hanya yake faruwa ba, yana faruwa ne da safe a fitowa daga masauki, ko daga gidan mai, a titin da babu wata mota da za a bi bayanta. Fitilun motar Ingila ma an saita su ne su haska gefen hagu, abin da yake kashe wa masu tahowa ido a Turai, don haka sai an liƙa musu 'yar takardar da take karkatar da hasken, ko a sauya saitin idan motar ta zamani ce.

Iyakar gudu a babbar hanyar Faransa kilomita 130 ce, kimanin mil 80, wato ta ɗara mil 70 na Ingila. Abin da baƙo ba ya sani shi ne da ruwan sama ya sauko iyakar ta koma 110 ba tare da wani allo ya sauya ba, idan kuma hazo ya hana ganin abin da ya wuce mita 50, ta koma 50 a kowace hanya. Wanda lasisinsa bai cika shekara 3 ba 110 ce iyakarsa ko da rana tana ƙwallewa. A hanyoyin karkara 80 ce tun daga Yulin 2018, ko da yake wasu larduna sun mayar da 90 a wasu hanyoyinsu, a cikin gari kuma 50, kuma allon sunan garin mai jan baki shi ne alamar fara ta, ba lallai a ga lamba ba. Wanda ya haura iyaka da kilomita 40 'yan sanda suna da ikon karɓe lasisinsa nan take, baƙo kuma ana iya neman ya biya tara a wurin. Na'urar gano kamarar gudu haramun ce, tararta tana kaiwa yuro 1,500, haka nan sa abin sauraro a kunne yayin tuƙi an hana shi tun 2015, ko da waya ake amsawa da shi. Dole a samu alamar tsayawa mai kusurwa uku da riga mai ƙyalli, kuma rigar a cikin mota ake ajiye ta inda hannu zai kai, ba a but ba, domin so ake a sa ta kafin a fito. Yaron da bai kai shekara 10 ba kujerar baya ce wurinsa.

Tsarin layi Faransawa suna riƙe da shi da gaske fiye da yadda ake yi a Ingila. Layin dama shi ne na tafiya, sauran na wucewa ne, da an wuce sai a koma, kuma wuce mota ta damanta laifi ne. Dogayen fararen layukan da suke gefen dama ma'auni ne, tazarar biyu daga cikinsu ita ce tazarar da ake so a bari tsakanin mota da mota. Da an sauka daga babbar hanya kuma sai a kula da dokar ba wa na dama hanya: a mahaɗar da ba ta da alama, motar da ta fito daga dama ita ce da hanya, ko da daga lungu ta fito. Alamar rawaya mai kusurwa huɗu tana nufin hanyar da kake kai ce da fifiko, idan an ja mata baƙin layi fifikon ya ƙare. Wanda ya yi tuƙi a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ba baƙonsa ba ne wannan tsari, wanda ya koya a Kano ko Landan kuwa sai ya sa hankali.

Yawancin manyan hanyoyin Faransa na kuɗi ne. Mai zuwa Faris ko Reims ta A26 zai ɗauki tikiti a shiga ya biya a fita, kuma na'urar tana hagu, wato ɓangaren fasinja a motar Ingila. Wanda yake tafiya shi kaɗai sai ya kwance bel ya miƙa jiki ko ya fito ya zagaya, masu bin sa suna jira. Layin da yake da koren kibiya na kowa ne, mai harafin t ruwan lemo shi kaɗai kuma na masu 'yar na'urar biya ce da ake liƙawa a gilashi, wadda ta cancanci kuɗinta ga duk mai doguwar tafiya zuwa kudu. A hanyoyin A13 da A14 tsakanin Faris da Normandy an cire shingayen a 2024, kamara ce take ɗaukar lamba, a biya ta intanet cikin sa'a 72, wanda bai san da haka ba sai ya ɗauka hanyar kyauta ce. Idan mota ta lalace a irin waɗannan hanyoyi, kamfanin agajin da ka yi rajista da shi a Ingila ba shi da izinin jan ta. Ana kira ne ta wayar gaggawa ruwan lemo da take kowace kilomita 2, ko lamba 112, a turo janwe mai lasisi wanda gwamnati ta ƙayyade kuɗinsa, kowa kuma ya fita ya tsaya bayan ƙarfen gefen hanya. Mai ya fi araha a gidajen man manyan kantuna irin su Carrefour da Leclerc fiye da na kan babbar hanya, kuma famfon da aka rubuta wa gazole na dizal ne, kada mai motar fetur ya kusance shi. Birane irin su Faris da Lyon sun kafa yankunan rage hayaƙi da ake shiga da sitikar Crit'Air, wadda a shafin gwamnati ba ta kai yuro 5 ba, amma ta gidan waya take zuwa, kuma akwai shafukan 'yan kamasho da suke ninka kuɗinta sau da yawa.

Hanyar da na fi sani, ta Calais zuwa Cologne, kimanin kilomita 400 ce kuma ba a biyan ko sisi a kanta: A16 ta wuce Dunkirk, a shiga Beljiyam a bi E40 ta Ghent da Brussels da Liège, a faɗa Jamus ta Aachen. Kan iyakar Faransa da Beljiyam allo ne kawai, amma iyakar gudu ta sauka zuwa 120. Sunayen garuruwa suna sauyawa a alluna gwargwadon harshen yankin, Liège ta zama Luik, Lille ta zama Rijsel, don haka lambar hanya ta fi suna abin dogara. Brussels da Ghent da Antwerp suna buƙatar motar Ingila ta yi rajista ta intanet kafin ta shiga cikin gari, ko da sabuwa ce, amma mai wucewa ta babbar hanyar da ta kewaye Brussels ba ya buƙatar wannan, cunkoson safe da na yamma kawai zai kauce wa.

Jamus ce ake yi wa gurguwar fahimta. Gaskiya ne babu iyakar gudu a wurare da yawa na manyan hanyoyinta, amma akwai shawarar hukuma ta 130, kuma wanda ya yi haɗari yana sama da haka ana iya ɗora masa wani kaso na alhakin ko da ba shi ya jawo ba. Ga mai sitiyarin dama, da mota cike da yara da kaya, layin hagu na Jamus ba wurin zama ba ne, domin motar da ka hango ƙarama a madubi tana iya kasancewa tana gudun 200. Idan tafiya ta tsaya ko ta koma jan ƙafa, doka ta wajabta buɗe hanyar agaji nan take ba sai an ji jiniya ba: na layin hagu su matsa hagu, duk sauran su matsa dama. Tsayawa a babbar hanya saboda mai ya ƙare laifi ne da ake cin tara a kansa. Cologne da manyan birane da dama suna neman koriyar sitikar hayaƙi a gilashi, ta Faransa ba ta maye gurbinta. Kujerar yara wajibi ce har shekara 12 ko tsayin santimita 150, alhali a Ingila 135 ce, don haka yaron da ya daina hawa kujerar a gida yana iya sake buƙatar ta. Tun Satumban 2024 kuma 'yan sandan Jamus suna tsayar da motoci jefi-jefi a kan iyakokin ƙasar, fasfo ya zama kusa. Ranar Lahadi ta fi daɗin tuƙi saboda an hana manyan tireloli fita har dare, sai dai kantuna ma a rufe suke. Bayan gida a gidajen man kan hanya na kuɗi ne, a tanadi tsaba, a kuma sa buta da darduma a mota, domin wuraren hutu suna da fili isasshe na yin sallar ƙasaru.

A dawowa tsarin iri ɗaya ne, daga mahaɗa ta 42 a kan A16, jami'an Birtaniya kuma a ɓangaren Faransa suke zaune. Izinin zaman Birtaniya ya koma na intanet tun bayan ƙarewar katunan zama a ƙarshen 2024, saboda haka wanda ya sabunta fasfonsa ya tabbata ya haɗa sabon da asusunsa kafin ya bar gida, ba a bakin shinge ba. Haramcin nama ma ya zama ta ɓangare biyu, domin tun Afrilun 2025 Birtaniya ta hana matafiya shigo da naman shanu da tumaki da awaki da kayan madara daga ƙasashen Tarayyar saboda cutar ƙafa da baki ta dabbobi. Wanda zai taso daga Jamus ya ƙara aƙalla sa'a biyu a kan abin da taswirar waya ta nuna masa, musamman idan lokacin wucewarsa ta Brussels zai faɗa tsakanin ƙarfe huɗu da shida na yamma.